"Filin Aiki Ya Cika": Ma'anar Saƙon da Hanyar Warware Shi ga Mai Binciken Harshe a Ƙasar Arewa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin saƙonnin da kwamfuta kan jefo wa mai gyaran hoto, kaɗan ne suke tayar da hankali kamar wanda manhajar Photoshop take fitarwa a lokacin da ta ƙi buɗe hoto, ko ta ƙi adana shi, ko ma ta ƙi tashi gaba ɗaya. A kwamfutar da aka saita da Faransanci, saƙon kan ƙare da "les disques de travail sont saturés". A wadda aka saita da Ingilishi kuwa, sai ya ƙare da "the scratch disks are full". Duka biyun abu guda suke nufi, wato wurin da manhajar take baza kayan aikinta na ɗan lokaci ya cika. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, hoton ma haka. To amma da yake saƙon da baƙon harshe yake zuwa, kuma kalmominsa suna ɗaukar fassara fiye da ɗaya, babbar ɓarnar takan biyo bayan maganin da aka yi wa matsalar cikin gaggawa ne.

Wannan maƙala ta dubi matsalar ta fuskar ɗalibin kimiyyar harshe da ya fita tattara bayanai a ƙasar Arewa ta jihar Doso, musamman a ƙaramar hukumar Ɗan Kassari da ke gundumar Dogon Dutsi. Ta bayyana abin da ke haddasa saƙon, da matakan warware shi ba tare da asarar bayanai ba, sannan ta auna sunan da ya dace a ba wannan wuri da Hausa.

2.0 Abin da Ke Kai Mai Nazarin Harshe ga Manhajar Hoto

Ɗan Kassari tana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso da Dogon Dutsi, ta nufi Birnin Konni. A cikin ƙaramar hukumar ne ƙauyen Lugu yake, mazaunin Sarauniya, inda aka gwabza da rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. A ƙasar Arewa ne kuma Bagaji yake, mazaunin Baura. Yankin ya daɗe yana jan hankalin masana tarihi da al'ada, irin su Marc-Henri Piault wanda ya wallafa littafinsa kan tarihin Mawri a 1970. Shi kuwa mai nazarin harshe, abin da ke kai shi can shi ne Arewanci, ɗaya daga cikin kare-karen Hausar yamma.

Mafi yawan aikin nazarin karin harshe da na'urar ɗaukar murya ake yin sa, amma hoto ma yana da nasa gurbin. Akan ɗauki hoton kayan sana'a da tsirrai domin haɗa su da sunayensu a ƙamus. Akan ɗauki littattafan yaƙi da jahilci da tsofaffin wasiƙu. Fiye da komai, akan ɗauki rubuce-rubucen ajami da ke hannun malaman zaure, domin marubucin ajami sau da yawa yakan rubuta kalma yadda ake furta ta a garinsu, saboda haka takardarsa shaida ce ta karin harshe. Darajar irin waɗannan takardu ta sa Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan'adam ta Jami'ar Abdu Mumuni, wato IRSH, take da sashe na musamman na rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda tushensa tarin marigayi Bubu Hama ne.

Takardar ajami ba ta yafe wa hoto maras kyau. A salon rubutun Magaribi da ake amfani da shi a ƙasar Hausa, harafin fa ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a bisa. Wasalin e ma da ɗigon imala ake nuna shi a ƙarƙashin harafi. Idan hoto ya dushe har ɗigo ya saje da tabon takarda, kalma ta canza, hujjar da za a gina a kanta ma ta rushe. Haka kuma akwai takardun da ake sa wa wasulla da jar tawada, baƙaƙe kuma da baƙar tawada, don haka dole a ɗauke su da launi. Wannan ne ya sa cibiyoyin adana tarihi, kamar shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatu na Birtaniya da aka fara a 2004, suke neman hotuna masu cikakken ƙarfi a tsarin TIFF. Hoto mai cikakken ƙarfi kuwa nauyi gare shi, kuma daga nauyin nan matsalar take tasowa.

3.0 Turmi da Tsakar Gida

Kwamfuta tana da wuraren riƙe bayani iri biyu. Na farko shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake taƙaita sunanta da RAM. Tana da sauri ƙwarai, amma ƙarama ce, kuma da zarar wuta ta ɗauke duk abin da ke cikinta ya tafi. Na biyu shi ne faifan ajiya, wanda ya fi ta girma nesa ba kusa ba, ya fi ta nawa, kuma abin da aka sa masa yana nan ko an kashe na'urar.

Ana iya kwatanta lamarin da gidan manomi bayan kaka. Faifan ajiya shi ne filin gidan baki ɗaya, fayilolin da aka adana su ne rumbunan da aka kafa a cikinsa, ƙwaƙwalwar aiki kuwa ita ce turmi. Mai sussuka ba ta iya zuba dami guda cikin turmi a lokaci ɗaya. Sai ta ɗiba kaɗan, sauran zangarniyar da hatsin da ta riga ta sussuke da ƙaiƙayin da ba a sheƙe ba duk ta baza su a sararin da ya rage tsakanin rumbuna. Idan maigida ya yi ta kafa rumbu har sararin ya ƙare, sussuka ta tsaya, alhali turmin bai tsage ba, hatsin ma bai ruɓe ba.

Haka Photoshop take aiki. Manhajar, wadda ƴan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, kamfanin Adobe kuma ya fitar da ita kasuwa a 1990, takan ari sararin da ba a cike ba a faifan ajiya ta zuba abin da ƙwaƙwalwar aiki ta kasa ɗauka. Idan ba a umarce ta da wani wurin ba, faifan da Windows yake kai take ara, wanda galibi shi ne mai harafin C. Bayan an rufe ta yadda ya kamata, sai ta share abin da ta baza, sararin ya koma yadda yake. Ke nan abin da saƙon yake kira faifai ba wata na'ura ce ta daban ba. Fili ne na aro a cikin faifan da aka riga aka sani.

4.0 Lissafin Nauyin Hoto

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne yadda hoton da bai wuce megabayit 4 a waya ba zai cika faifai. Dalili shi ne a matse ake ajiye shi, kamar audugar da aka danne cikin buhu, manhajar kuwa sai ta warware shi kafin ta yi aiki a kansa. Kowane hoto tarin ƴan ƙwayoyi ne da ake kira fiksel. A hoto mai launi na yau da kullum, kowace ƙwaya bayit 3 take ci, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Daga nan lissafin ba shi da wuya:

a) Hoton waya mai faɗin fiksel 4,000 da tsawon 3,000 yana da ƙwaya miliyan 12. Idan aka buɗe shi, megabayit 36 yake ci.

b) Shafin takarda mai girman A4 da aka ɗauka da sikana a kan fiksel 300 a kowane inci yana da ƙwaya wajen miliyan 8.7, wato kimanin megabayit 26.

c) Shafin nan dai, idan aka ɗauke shi a kan fiksel 600 a inci, nauyinsa sau huɗu yake ninkawa, domin faɗi da tsawo duka sun ninka. Sai ya kai kimanin megabayit 104.

d) Idan aka zaɓi zurfin launi na bit 16 a maimakon 8, sai ya sake ninkawa ya haura megabayit 200.

Kundin ajami mai shafi 200 a ma'auni na uku zai ci kusan gigabayit 21 tun kafin a taɓa shi. Da an fara gyara kuma nauyin sai ya hauhawa. Kowace shimfiɗa da aka ɗora a kan hoto, idan ta rufe shi duka, kusan wani hoton ce. Bugu da ƙari, manhajar tana riƙe da matakan gyara na baya domin a iya komawa idan an yi kuskure, kuma a saitinta na asali matakai 50 take riƙewa. Ƙaramin gyara a kusurwa ɗaya ba ya cin wuri sosai, amma gyaran da ya shafi shafi duka, kamar ƙara haske ko juya hoto, yana iya cin kwatankwacin nauyin hoton. Matakai 50 irin waɗannan a kan shafi mai megabayit 104 suna iya wuce gigabayit 5, a shafi ɗaya tak. Wanda ya buɗe shafuka goma a lokaci guda sai ya yi wa kansa lissafi.

A ɗaya gefen kuma, faifan ɗalibin harshe ba ya rabuwa da kaya. Muryar da aka ɗauka a tsarin WAV, kan ma'aunin kilohaz 48 da bit 16 a tashoshi biyu, tana cin kimanin megabayit 690 a kowace sa'a. Hirar sa'a talatin da dattawa ta haura gigabayit 20, ban da bidiyo. Kwamfutocin gwanjo da ɗalibai suka fi iya saya kuwa da yawansu faifan gigabayit 128 ko 256 gare su, kuma Windows da sauran manhajoji sun riga sun cinye kaso mai tsoka. Kamfanin Adobe ya ba da shawarar a bar aƙalla gigabayit 20 babu komai a faifan da Windows yake kai.

Akwai kuma dalilin da ya fi shafar mai aiki a karkara. Manhajar tana share abin da ta baza ne idan an rufe ta ta hanyar da ta dace. Idan batir ya mutu tana cikin aiki, ko injin wuta ya tsaya, ko cajin farantin sola ya ƙare da dare, fayilolin na wucin-gadi sukan maƙale a faifai. Ɗaya daga cikinsu yana iya kai gigabayit da dama, kuma ba a ganin su a jakunkunan da mutum ya saba buɗewa. Mutuwar batir sau huɗu ko biyar ta isa ta cinye sararin ba tare da mai kwamfutar ya ƙara ko hoto ɗaya ba.

5.0 Yadda Sunan Yake Ɓatar da Mai Karatu

A nan ne matsalar ta zama ta harshe. Kalmar Ingilishi "scratch" a wannan muhalli ta samo ma'anarta daga takardar gwaji, wadda ake yin lissafi a kanta a yar. Amma ma'anarta da aka fi sani ita ce karce. Wanda ya taso yana ganin faifan bidiyo yana tsayawa saboda ya karce, yana iya ɗauka cewa faifan kwamfutarsa ne ya lalace. Mai wannan fahimta wurin mai gyara zai nufa, kuma idan ba a yi sa'a ba a goge faifan duka a sake zuba Windows, bayanan da ba su da kwafi su bi ruwa.

Sunan Faransanci ya kauce wa wannan rami, ya faɗa wani. Kalmar "travail" tana nufin aikin da manhajar take yi a lokacin, amma mai karatu yana iya fahimtar ta a matsayin aikinsa shi, wato faifan da ayyukansa suke ya cika. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan fahimta, tunda faifan ɗaya ne. Sai dai takan tura mutum ya fara goge hotunan da ya ɗauko, ko ya mayar da su ƙanana, alhali tarkacen da ya kamata a kwashe yana can a ɓoye.

Sunayen biyu sun yi tarayya a aibi ɗaya: sun kira abin faifai, sun ɓoye cewa fili ne, kuma babu wanda ya faɗa ƙarara cewa abin da ke cikinsa na ɗan lokaci ne.

6.0 Matakan Warwarewa

An jera matakan daga mafi sauƙin haɗari. An kawo sunayen umarni da Faransanci domin shi aka fi samu a kwamfutocin Nijar. A na Ingilishi ma wurarensu ɗaya ne.

Mataki na farko: kada a rufe manhajar idan akwai aikin da ba a adana ba. A ture ta gefe, a koma cikin Windows a samar da sarari, sannan a dawo a adana. Abu mafi sauri shi ne zubar da kwandon shara, domin fayil ɗin da aka goge yana ci gaba da cin wuri muddin yana cikin kwandon. Sai dai a leƙa ciki tukuna a tabbatar babu abin da ya faɗa bisa kuskure.

Mataki na biyu: a rufe duk hotunan da ba a aiki a kansu. Daga nan a shiga Édition, a zaɓi Purger, a danna Tout. Wannan yana zubar da matakan gyara na baya da abin da aka kwafa. Umarni ne da ba a warware shi, don haka sai an gamsu da inda hoton ya tsaya.

Mataki na uku: a duba ma'auni. Idan saƙon ya fito ne daidai lokacin datse gefen hoto ko buɗe sabon shafi, akwai alamar an rubuta adadi da santimita a inda ake nufin fiksel. Hoto mai fiksel 1,200 da 1,600 bai kai megabayit 6 ba. Amma santimita 1,200 da 1,600 a kan fiksel 300 a inci shafi ne mai faɗin mita 12 da tsawon mita 16, wanda zai nemi kimanin gigabayit 80. Maganin wannan shi ne share adadin da ke akwatunan ma'auni a sake rubuta shi tare da px a bayansa.

Mataki na huɗu: bayan an adana aiki an rufe manhajar, a nemo tarkacen da ya maƙale. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta %temp%, a shiga. Fayilolin da sunansu ya fara da "Photoshop Temp" tare da lambobi su ne ake nema, kuma goge su ba ya taɓa hoton da aka adana. Jakar da sunanta yake ɗauke da "AutoRecover" daban take: a cikinta manhajar take ɓoye aikin da wuta ta katse, don haka ba a taɓa ta sai an buɗe manhajar an ga abin da ta ceto.

Mataki na biyar: a kwashe kaya masu nauyi zuwa faifan waje, a fara da fina-finai da abubuwan da aka sauke daga intanet. Idan ya zama dole a kwashe muryoyin bincike, a kwafe su tukuna, a buɗe kwafin a saurara, sannan a goge na kwamfutar. Mai amfani da ELAN ya tafi da fayil ɗin rubutun hira tare da muryarsa a jaka ɗaya, domin manhajar takan nemi muryar a inda ta san ta.

Mataki na shida: a ƙara wa manhajar fili. A Édition, a shiga Préférences, a zaɓi Disques de travail, a sa alama a wani faifan mai sarari, sannan a rufe manhajar a sake buɗewa. Kwamfutoci da yawa an raba faifansu gida biyu, C da D, kuma sau da yawa D yana zaune kusan wayam. Idan manhajar ta ƙi tashi ma sam, a danne Ctrl da Alt a daidai lokacin da take buɗewa, akwatin zaɓen faifai zai fito. A kula kada a haɗa da Shift, domin maɓallan uku tare na goge saitin manhajar ne. Ɗan abin ajiyar nan da ake kira kile a Nijar, filash a Nijeriya, bai dace da wannan aiki ba saboda nawarsa, kuma idan ya goce daga jikin kwamfuta ana cikin aiki sai manhajar ta tsaya. Faifan da aka tsara da FAT32 ma ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabayit 4.

Mataki na bakwai: a rage wa manhajar ci. A Préférences, ƙarƙashin Performances, ana iya rage matakan gyara daga 50 zuwa 15 ko 20, waɗanda sun isa aikin daidaita shafi. A ƙasan hoton da aka buɗe kuma akwai ma'aunin da ake kira Efficacité. Idan yana kan kashi 100, ƙwaƙwalwar aiki ce take ɗauke da komai, idan kuwa ya yi ƙasa, manhajar ta koma jingina da faifai. Wasu kan ba da shawarar kashe adanawar ceto da manhajar take yi da kanta lokaci-lokaci, domin ita ma tana cin wuri. A inda wuta ba ta da tabbas, ribar wannan shawara ba ta kai hasararta ba.

Wanda yake amfani da GIMP, manhajar kyauta da Spencer Kimball da Peter Mattis suka fara a 1995, shi ma bai tsira ba, domin ita ma tana da fayil ɗin da take juye abin da ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa. Ana canza masa mazauni a Préférences, ƙarƙashin Dossiers.

7.0 Abin da Ba a Taɓawa

Duk matakan da suka gabata sun kewaye abu ɗaya, wato hoton asali. Akwai hanyoyi uku na samun sarari da suke da sauƙi a ido, amma a aikin bincike ɓarna ce. Ta farko ita ce rage yawan fiksel a kuma adana a kan na asali. Ta biyu ita ce mayar da hoto fari da baƙi, wanda yake rage nauyi zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma ya haɗe jar tawada da baƙa. Ta uku ita ce maimaita adanawa a tsarin JPEG, wanda yake zubar da wani abu daga hoton duk lokacin da aka sake matse shi, kuma gefen ƙananan ɗigogi ne yake fara cinyewa. Wanda ya bi ɗaya daga cikinsu, garin gyaran gira ya rasa ido. Idan ana son matsi maras asara, tsarin TIFF yana da zaɓin LZW, wanda ba ya zubar da komai.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Fayil ɗin wucin-gadi manhaja ce ta ƙirƙire shi, za ta kuma sake ƙirƙirar wani gobe. Hoton takardar malam kuwa sai da aka yi tafiya, aka nemi iso, aka yi gaisuwa da bayani kafin a kwance gafaka. Ba lallai ne a sake samun wannan dama ba. Takarda tana fama da gara da yoyon damina, mai ita yana iya ƙaura ko ya kwanta dama, magada kuma su raba littattafan. Wani lokaci hoton da ɗalibi ya ɗauka shi zai zama abin da ya rage na takardar.

Saboda haka tsari mafi aminci shi ne a ware jakar asali wadda ba a gyara komai a cikinta, a riƙa aiki a kan kwafi, shafi ɗaya ko biyu a lokaci guda. Ƙa'idar da masu ɗaukar hoto suka saba da ita ta ce a mallaki kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ga mai aiki a Ɗan Kassari, wannan yana iya zama kwamfuta, da faifan waje da aka killace daga ƙura da zafin bazara, da kuma katin kyamara da ba a goge ba har sai an isa inda za a ɗora kwafi a intanet ko a ajiye a sashe. Kyautatawa ce kuma a ba mai takardar nasa kwafin. Share faifai da gwada manhaja kuwa tun a Yamai ya kamata a yi su, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

8.0 Wane Suna Ya Dace da Hausa?

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Photoshop ba ta da fassarar Hausa, amma malamin da ke koyar da ita da mai gyaran kwamfuta da ɗalibin da ke taimakon ɗan'uwansa duk da Hausa suke bayani, kuma kowa da kalmar da yake kamawa. Samar da keɓaɓɓun kalmomi ba baƙon aiki ba ne ga masana Hausa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa fannin harshe da adabi wannan hidima. A fannin kwamfuta kuwa, hanyar faɗaɗa ma'ana ce ta fi karɓuwa: faifai ya tashi daga na saƙa ya koma na garmaho da na bidiyo, linzami ya tashi daga bakin doki, manhaja ta tashi daga tsarin karatu, rumbu kuma ya zama ma'ajiyar bayanai. Ana iya auna sunaye huɗu a kan wannan turba.

Faifan aiki: fassara ce kai-tsaye daga Faransanci. Tana da sauƙin ganewa ga wanda yake kallon saƙon, amma ta kwaso aibin asalinta duka.

Allo: ta fuskar ma'ana babu kamarsa, domin allon makaranta ana rubutu a kansa, a hardace, a wanke, a sake wani. Matsalarsa ita ce an riga an ba fuskar kwamfuta wannan suna, kuma kalma ɗaya ba za ta ɗauki sassa biyu na na'ura ɗaya ba tare da ruɗani ba.

Masussuka: ta bi tsarin sunan wuri mai ɗafa-goshin ma-, irin su maƙera da marina da majema, kuma ta kawo hoton wurin da ake aiki a share a tashi. Manomin Arewa zai gane ta nan take, amma wanda ya tashi a birni yana iya buƙatar a fassara masa fassarar.

Filin aiki na wucin-gadi: ya faɗi abubuwa biyun da sunayen waje suka ɓoye, wato sarari ne kuma ba mai ɗorewa ba ne. Yana da tsawo, kuma "wucin-gadi" ta fara ɗaukar ma'anar abin da ba na halitta ba, kamar a "ƙafar wucin-gadi". Duk da haka, idan aka haɗa ta da fili ma'anar ɗan lokaci ce take rinjaya, kuma a magana ana iya taƙaitawa a ce filin aiki.

Gwajin da ya fi dacewa da keɓaɓɓiyar kalma irin wannan shi ne a sa ta cikin jimla a ga abin da mai sauraro zai aikata. Wanda aka ce wa "faifanka ya cika" zai fara tunanin abin da zai goge daga kayansa. Wanda aka ce wa "filin aikin manhajar ya cika, a share shi ko a ƙara mata wani" an riga an nuna masa hanyoyi biyu na gyara, kuma babu wadda ta bi ta kan hotunansa. Bisa wannan ma'auni, suna na huɗu ne ya fi cancanta, masussuka kuma ta zauna a matsayin misalin koyarwa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa saƙon cikar filin aiki ƙarancin sarari yake nufi, kuma abubuwa huɗu ne suka fi jawo shi: nauyin hoton da aka warware, matakan gyara da manhaja take riƙewa, tarkacen da ɗaukewar wuta take bari, da kuskuren ma'auni. Ta kawo matakai bakwai na warwarewa waɗanda ba su taɓa hoton asali, ta kuma nuna yadda sunayen Ingilishi da Faransanci suke iya kai mai karatu ga goge abin da ba a mayarwa. Shawarar "filin aiki na wucin-gadi" tana jiran gwaji a bakin masu amfani da harshen. Ɗaliban da za su fita bincike Dogon Dutsi da Tibiri da Matankari suna iya sauraren abin da masu shagunan hoto da masu gyaran kwamfuta suke kiran wannan wuri, su rubuto shi yadda aka furta. Mai yiwuwa ne kalmar da ake nema tana can ana amfani da ita.